Darasi na 7: Idan Zuciya Ta Yi Tuntuɓe

Mutum yana zaune lafiya lau, ko ya kwanta bayan sallar isha'i, sai ya ji ƙirjinsa ya yi ras, kamar zuciyar ta tsaya, can kuma ta buga dam da ƙarfi. Wani ya ce zuciyarsa ta yi tsalle, wani ya ce ta juya kamar kifi a ruwa, wani kuma a maƙogwaro yake jin abin har ya yi ɗan tari. Da yawa suna ɗaukarsa faɗuwar gaba, su zauna suna jiran mugun labari. A wurin likitoci abin sananne ne: bugu ne guda ɗaya da ya riga lokacinsa. A wannan darasi za mu kira shi tuntuɓen zuciya.

Abin da ke faruwa a ciki

Zuciya tana da ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke tura saƙon lantarki, shi ne mai ba da umarnin kowane bugu. Babban mutum idan yana hutawa zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato wajen sau 100,000 a kwana guda. A cikin wannan ɗimbin bugu, wani lokaci wani gefen naman zuciyar yakan yi azarɓaɓi ya tura nasa saƙon kafin mai umarni ya yi magana. Yana iya fitowa daga ɗakunan sama, yana iya fitowa daga na ƙasa.

Ku tuna jan ruwa a rijiya. Idan aka fizgo guga da wuri, rabin ruwa take zuwa da shi, ba nauyi. Idan aka bar ta ta daɗe a ƙasa, sai ta fito cike fal. Haka bugun da ya yi sauri yake zuwa da jini kaɗan, har ba a cika jinsa ba. Daga nan zuciya ta ɗan dakata don ta koma kan tsarinta, jini ya cika ta fiye da kullum, sai bugun da ya biyo baya ya zo da nauyi. Wannan na ƙarshen shi ne "dam" ɗin da ke tsorata mutane. Ɗan shirun da ke tsakani yakan kai daƙiƙa ɗaya ko ya ɗan wuce, kuma zuciyar ba ta tsaya ba, cika take yi.

Idan aka ɗaura wa masu lafiya na'urar awon zuciya ta kwana guda, mafi yawansu za a ga irin wannan tuntuɓe ko da kaɗan ne. Wasu suna ji, wasu ba sa ji.

Alamun da ba a zama da su a gida

Kafin maganar kwantar da hankali, sai an fara tabbatar da cewa zuciyar kanta lafiyayya ce. Duk wanda tuntuɓen ya zo masa tare da suma, ko jiri mai ƙarfi har ido ya rufe, ko ciwon ƙirji mai dannewa kamar an ɗora dutse, ko numfashi ya gagara, to a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya a kemis. Haka wanda zuciyarsa ta kama gudu ba tsayawa na mintoci yana zaune bai yi aikin komai ba. Wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai, shi ma kada ya jinkirta.

Akwai waɗanda ba gaggawa ba ne amma dole likita ya gan su cikin 'yan kwanaki: wanda abin ke ƙaruwa idan ya hau bene ko yana noma, mai hawan jini ko ciwon suga, wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon zuciya, da wanda wani ɗan'uwansa na jini ya faɗi ya rasu farat ɗaya bai kai shekara 40 ba. Dattijon da bugunsa ya rikice gaba ɗaya, babu tsari ko kaɗan, wataƙila wata cuta ce daban wadda ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma tana da magani.

Masu jego maganarsu ta musamman ce a nan Zariya. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta cewa ana samun mata da yawa a wannan yanki da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa. Sun danganta abin da kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Daga baya an ƙara gano wasu dalilai, kamar ƙarancin abinci mai gina jiki. Don haka mai jegon da ke jin bugun zuciya tare da haki, tari da dare, ko kumburin ƙafa da fuska, a cikin watanni 6 na farko, kada a ce mata gajiyar haihuwa ce. Wannan magana ta shafi miji da uwar miji fiye da ita, domin su ne masu cewa a tafi.

Awon da za a yi

A Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Shika, likita zai fara da tambayoyi, ya auna hawan jini, ya saurari ƙirji. Sai awon ECG: ana manna 'yan faifai 10 a ƙirji da hannaye da ƙafafu, na'urar ta zana bugun a takarda. Ba ya zafi, ba ya sa wa mutum lantarki, karantawa kawai yake yi. Matsalarsa ɗaya, abin da yake ɗauka bai wuce na daƙiƙa 10 ba, don haka sau da yawa tuntuɓen ba ya zuwa a lokacin. Wannan ba ya nufin mutum ƙarya yake yi. Idan da buƙata, akwai ƙaramar na'ura da ake ɗaura wa mutum ya tafi gida da ita awa 24 ko 48, ta ƙirga kowane bugu. Akwai kuma hoton zuciya, irin sikanin da ake yi wa masu ciki, wanda ke nuna ƙarfin naman zuciya da ƙofofinta. Shi ne awon da ya fi raba gardama. Awon jini zai duba ƙarancin jini, da gishirin jiki irin su fotasiyam, da aikin ƙullutun wuya da ke yin maƙoƙo, domin idan ya yi aiki fiye da kima yana zuga zuciya.

Idan hoton ya nuna zuciya mai ƙarfi kuma tuntuɓen bai yi yawa ba, mafi yawan mutane ba sa buƙatar magani. Likitoci sukan fara sa ido sosai idan ya kai wajen 10 cikin kowane bugu 100, wato kimanin 10,000 a kwana, domin irin wannan yawan idan ya daɗe yana iya gajiyar da zuciya. Wanda yake jin sau 20 ko 50 a rana ya kwatanta da wannan adadi.

Akwai magunguna masu rage shi, irin su propranolol da bisoprolol. Kada a saya da kai a kemis don sun yi wa maƙwabci aiki. Suna rage gudun zuciya da hawan jini, propranolol kuma yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa mummunan tashi. Wanda likita ya ɗora a kansu kada ya daina sha lokaci guda, a hankali ake ragewa.

Abubuwan da ke tsokano shi

Na farko da za a duba shi ne abin da ke shiga baki. Goro, shayi mai kauri, Nescafé da lemon ƙara kuzari na gwangwani duk suna ɗauke da sinadari mai hana barci da ake kira kafeyin. Ba kowa yake damu ba, don haka gwaji ake yi: a rage kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya, sannan a bari gaba ɗaya na mako 2, a ga ko an samu sauƙi. Wanda ya yanke goro lokaci guda zai sha ciwon kai na 'yan kwanaki, ya ce barin ne bai karɓe shi ba. Idan bayan mako 2 babu bambanci, ba goron ba ne, ba sai an hana dattijo ɓarinsa ɗaya na safe ba. Taba, shisha da giya kuwa barinsu ya fi ko da ba su ne dalili ba.

Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna zuga zuciya. Maganin asma na shaƙa ma yakan yi haka, amma shi ba a barinsa, likita ake gaya wa. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna zubar da fotasiyam. Haɗe-haɗen ƙarfin maza da na rage ƙiba da ake tallatawa a tasha ba wanda ya san abin da ke cikinsu.

Sai ƙarancin ruwa. A zafin watan Maris zuwa Mayu, ko azumi, ko bayan gudawa da amai, jiki yana rasa ruwa da gishirinsa. Mai azumi ya rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ya cika ciki da shayi kawai. Mai gudawa ya haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. Idan na lita ɗaya ne, ledar fiya wata 2 ke nan. Ayaba, dabino, wake, dankali, alayyahu da lemon zaƙi suna da fotasiyam, amma mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita su. Gishiri kuma, duk abin da mutum zai ci a yini kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi.

Zazzaɓi, rashin barci, da cika ciki da tuwo a kwanta nan take, duk suna kawo shi. Ana son barcin awa 7 zuwa 8, da tazarar awa 2 tsakanin abincin dare da kwanciya.

Tsoron ya fi tuntuɓen wahalarwa

Nan ne mutane suka fi shan wuya. Tuntuɓe ya zo, mutum ya firgita, jiki ya saki sinadarin tsoro mai suna adirenalin, shi kuma adirenalin yana ƙara tsokano tuntuɓe. Mutum ya dafe ƙirji yana saurare, sauraren ya sa ya ji wanda da ba zai ji ba. Wasu sun bar zuwa gona, wasu sun bar kusantar iyali, wasu sun yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan da takardar awo mai kyau a aljihu. Wasu an ce musu sammu ne ko iska, sun kashe abin da ya ninka kuɗin ECG.

Tuntuɓen ya fi zuwa da dare. Gari ya yi tsit, zuciya ta rage gudu, tazarar da ke tsakanin bugu ta ƙaru, ɗan azarɓaɓi ya samu ƙofa. Kwanciya ta ɓarin hagu kuma tana matso da zuciya kusa da haƙarƙari, sai a fi jinta. A juya dama, ko a ƙara matashi.

Idan ya zo, kuma likita ya riga ya ce zuciyar lafiya take, a sauke hannu daga ƙirji. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga 4, ciki ya kumbura ba kafaɗu ba, a fitar ta baki a hankali ana ƙirga 6. A yi ta haka minti 5. Fitarwar ita ce mai kwantar da jiki, shi ya sa ta fi tsawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan numfashi manya-manya da sauri, wanda ke kawo jiri da mutuwar yatsu, mutum ya ƙara tabbata ajali ne. Mai zikiri ya daidaita shi da numfashin. Idan da rana ne, a tashi a taka. A zuciya mai lafiya tuntuɓen yakan ragu idan gudunta ya ƙaru, kuma ganin haka da ido ya fi lallashin kowa.

Tafiya mai ɗan sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, tana rage damuwa da hawan jini. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10. Iyali kuma kada su ce masa raki ne, kada kuma su mai da shi majinyaci su hana shi ɗaukar buta. Wanda tsoron ya hana shi barci ko neman abinci fiye da wata guda ya faɗa wa likita ƙarara. Damuwa ciwo ce mai magani, akwai sashenta a Shika, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Aikin aji

Kowa ya juya tafin hannunsa sama, ya ɗora yatsa manuniya da ta tsakiya a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa. Kada a yi da babban yatsa, yana da nasa bugun. Malam ko malama za su duba agogo, a ƙirga na daƙiƙa 60 cur, a rubuta lambar a allo. Idan an ji gurbi, kamar bugu ɗaya ya ɓace, tuntuɓen ke nan, a sa masa ɗigo a gefe. A gida sau ɗaya a rana ya isa. Wanda ke taɓa hannunsa kowane minti yana ciyar da tsoro ne.

Mai fama da abin ya ware shafi a littafinsa na mako 2. Kullum da dare ya rubuta layi ɗaya: kwanan wata, lokacin da ya ji, abin da yake yi, abin da ya ci ko ya sha, da awa nawa ya yi barci. Ga misali: "Talata, ƙarfe 10 na dare, a kwance, shayi kofi 3, goro 2, barci awa 5." Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin, a zuba duk magungunan da ake sha a leda, har da na gargajiya, a miƙa wa likita. Kafin a fito a yi masa tambaya 3: "Likita, naman zuciyata yana da ƙarfi? Zan iya aikina da azumina? Wace alama zan gani in dawo?" A roƙe shi ya rubuta amsar a ƙasan shafin.