Yadda Ake Sabunta Iƙama Ga Mai Aiki A Saudiyya

Mutanen Damagaram da ke aiki a Jidda ko Riyad sun san cewa bizar aiki shiga ƙasar kawai take ba mutum, katin iƙama, wato izinin zama a ƙasar, shi ne ke riƙe shi a can.

Da farko a duba fasfo, domin idan wa'adinsa ya ƙare ba za a sabunta iƙama ba, sai a garzaya ofishin jakadancin Nijar da ke Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda tun da sauran watanni. Bayan haka a buɗe manhajar Absher ta gwamnatin Saudiyya a waya a ga ranar da katin zai mutu, a biya tarar hanya idan akwai, a kuma tabbatar inshorar lafiya tana aiki.

Sabuntawar kanta aikin kafili ne, wato maigidan da ya ɗauki nauyin ma'aikaci. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora masa kuɗin iƙama da na izinin aiki, har da tarar jinkiri, wadda take riyal 500 a karon farko, 1,000 a karo na biyu. A ganina, kunya ce ke cutar mutanenmu a nan, domin sai ka ga mutum yana jin nauyin tuna wa maigidansa, har banki ya rufe asusunsa, iyali a Birni ko Zango suna ta jiran aike. A tuna masa a rubuce, wata biyu kafin lokaci, a ajiye saƙon.

Idan ya ƙi, a nemi sauya wurin aiki ta dandalin Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya.