Kayak ɗinka na farko: wuraren da masu saye suka fi yin tuntuɓe

Wanda ya fara sha'awar tuƙa kayak, wato ɗan ƙaramin jirgin ruwa da ake zama a ciki a tuƙa da filafili mai baki biyu, yakan fito saye da buri guda: ya sami jirgi ɗaya da zai bi kogi mai gudu da duwatsu da shi, ranar da babu abokan tafiya kuma ya shiga tafki ya yi ta yawonsa. Burin ba laifi ba ne, amma daga nan babban kuskuren yake farawa. Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya sa kayak ya dace da ruwa mai gudu, shi ne dai abin da zai sa ya gajiyar da kai a ruwa kwantacce.

Dubi ƙirarsa. Kayak na bin kogi gajere ne, yawanci mita 2.4 zuwa 2.7. Goshinsa da wutsiyarsa a ɗage suke, tsakiyar cikinsa ce kawai ke zaune sosai a ruwa. An yi shi haka ne don ya juya nan take idan dutse ya tare gaba, ya kuma hau kan igiyar ruwa maimakon ya soka kai a cikinta. To kai shi tafki ka gani. Ka ja filafili ta dama ya karkata hagu, ka ja ta hagu ya koma dama, ka ɗan tsaya shan iska ya juya ya fuskanci inda ka fito. Kana gumi, mai kayak na dogon zango, siriri mai tsawon mita 4 ko 5, zai zo ya wuce ka ba tare da ya ji a jikinsa ba, domin tsawo shi ke ba jirgi gudu da tafiya a miƙe.

Gyaran shi ne ka gaya wa kanka gaskiya game da ruwan da za ka fi shiga, ba wanda kake mafarki ba. Idan kogi ne, kuma ruwa kwantaccen da za ka tarar bai wuce wanda ke tsakanin wannan gangara (inda ruwa ke gudu cikin duwatsu) da waccan ba, sayi na bin kogi ka jure jan jikinsa. Dagger Mamba, Pyranha Burn, Jackson Zen da Liquidlogic Remix duk wannan aji ne, kuma mutane da yawa a cikinsu suka koya. Idan kuwa da gaske rabi da rabi ne, akwai kayak ruwa biyu, na kogi da tafki duka, irin su Dagger Katana da Pyranha Fusion da Remix XP. Tsawonsu wajen mita 3, suna da ma'ajiyar kaya a baya, da wata 'yar wuƙar roba da ake kira sikeg, wadda kake saukarwa ƙarƙashin wutsiya a tafki don jirgin ya miƙe, ka janye ta idan za ka shiga gangara. A ganina ana yaba su fiye da kima: a tafki ba su kai na dogon zango ba, a kogi sun fi nauyin juyawa. Amma ga mai wurin ajiye jirgi ɗaya tak da ba ya nufin wuce matsakaicin ruwa, zaɓi ne na hankali.

Akwai masu yin kuskuren ta ɗaya ɓangaren, kuma nasu ya fi muni, don ya shafi rai. Su ne masu ɗaukar kayak na shaƙatawa, mai faffaɗan baki, su shiga gangara da shi. Igiyar ruwa biyu ta cika shi da ruwa. Kuma ba shi da ginshiƙin soso ko na roba da ake sa wa na kogi a ciki, gaba da baya, don haka idan ruwa ya manna shi da dutse yana iya lanƙwashewa da ƙafafun mutum a ciki. Wannan ba shi da wani gyara sai a bar shi a tafki.

Sai zaɓen jirgi saboda bidiyo. Mutum ya ga gwanaye suna alkafura a kan igiyar ruwa, sai ya sayi ɗan guntun kayak na wasa da bai kai mita 2 ba. Wutsiyarsa siririya ce, ruwa na kama ta ya kifar da kai, ga matse ƙafa, ga rashin gudu. Wani kuma tsoro ne ke kai shi ya sayi ƙaton da aka yi don faɗowa daga kan duwatsu, wai girma shi ne aminci. Shi wannan yana yafe kuskure har ba za ka san ka yi ba, kuma yana iya kai ka ruwan da hannunka bai kai ba. Ana auna wahalar kogi daga mataki na 1 zuwa na 6. Sabon shiga zai daɗe a na 2 kafin ya leƙa na 3, kuma jirgin da ya dace da nan shi ne na tsakiya. Mai shimfiɗaɗɗen ciki da gefe mai ɗan kaifi zai fi koya maka karkata jirgi da gwiwa yayin shiga da fita daga inda ruwa ke lafawa a bayan dutse.

Batun girma ne mutane suka fi raina wa, alhali shi ya fi komai. Kusan kowane samfuri yana zuwa ƙarami da matsakaici da babba, kuma kamfani yana rubuta nauyin mutumin da kowanne zai ɗauka. Nemi wanda nauyinka, haɗe da kayan jikinka, ya faɗo wajen tsakiyar adadin. Idan kana can ƙarshen sama, jirgin zai nutse sosai, ruwa ya riƙa kama gefensa. Idan ya fi ƙarfinka, kai ne za ka riƙa yawo a ciki, ka karkata jiki shi ko gezau. Takarda kuma ba ta isa ba, sai ka shiga ka zauna da takalmin da za ka sa a ruwa. Tafin ƙafarka ya taka matokarar gaba, cinyoyinka su shige ƙarƙashin madafarsu, soson gefe ya riƙe ƙugunka, maɗaurin baya ya tallafe ka a miƙe. Ka ɗaga gwiwa ɗaya, jirgin ya bi ka. Ka yi kwata na awa a haka. Idan ƙafa ta fara mutuwa tun a tudu, a kogi abin ba zai yi sauƙi ba. Sannan ka tabbata kana iya zamewa ka fita ba tare da kokawa ba.

Sayen sabo fil a matsayin na farko ba dole ba ne, don za ka goge shi da duwatsu, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu ra'ayinka zai canja. Na hannu ya fi, in dai ka iya dubawa. Kife shi a rana ka shafa cikinsa. Ƙarce-ƙarce ba komai ba ne, duk jirgin kogi yana da su. Abin dubawa shi ne daidai ƙarƙashin kujera, inda nauyi ke haɗuwa da dutse: danna da tafin hannu, idan ya lotsa da sauƙi ko ka ga tsaga ko tabon liƙi, robar ta yi siriri. Launin da ya koɗe ya yi fari-fari alama ce ta jirgin da ya sha rana, kuma rana tana sa roba ta bushe ta riƙa tsagewa. Ja mariƙan gaba da na baya da ƙarfi, domin da su za a fizgo jirgin, ko kai kanka, ranar da ta ɓaci.

Kada kuma kuɗin ya ƙare a jirgi. Akwai rigar hana nutsewa, da hular kwano ta ruwa, da siket ɗin da ke rufe bakin jirgi (kowane baki da girmansa, a gwada kafin a biya), da jakunkunan iska da ake cusawa a baya don jirgin ya yi iyo idan ya cika, da igiyar ceto, da kayan sanyi idan ruwan mai sanyi ne. Filafilin kogi gajere ne, wajen santimita 190 zuwa 200, ba irin na tafki mai 220 ba.

Kafin duk wannan, je wurin masu koyarwa ko ƙungiyar matuƙa ka ari jirage iri biyu ko uku. A can za a fara koya maka yadda ake cire siket a fito idan jirgi ya kife, a ruwa marar zurfi da mutum tsaye kusa da kai. Bayan 'yan darussa kai da kanka za ka san girman da ya zauna maka da irin ruwan da ranka ya fi so, sai ka je saye da wannan.