Yadda za ka sa wasa a aji ya nuna maka inda yaranka suka maƙale

Malamai 'yan uwana, yanzu kam duk wokshop ɗin da ka je sai an kawo maka maganar wasan koyarwa, a haska Kahoot, wata manhajar kacici-kacici, a bango, mutane su yi ta danna waya ana ihu ana dariya, a raba takardar shaida kowa ya kama gabansa. Ka dawo ajinka mai yara tamanin, ba wuta, ba furojekta, wayar da ke ajin taka ce kaɗai ita ma cajinta rabi. To ni a ganina abin da ya fi amfani a wasan nan shi ne abin da yake bari bayan an gama, wato wa ya ci, wa ya faɗi, kuma wace amsar kuskure ce yara suka fi rububi a kanta. Wannan lissafin shi ne zai gaya maka me za ka koyar gobe, kuma ana iya samunsa ko da babu intanet.

Fara da tambayoyin tukunna kafin ka yi tunanin manhaja. Ka ɗauki abu ɗaya tak da ka koyar a satin nan, ka fitar da tambaya biyar a kai, kar ka haɗa lissafi da kimiyya da Turanci a wasa ɗaya don in aka faɗi ba za ka san ina matsalar take ba. Inda aikin yake shi ne amsoshin kuskuren, kada ka cika su da shirme don kawai su kai huɗu, kowace ɗaya ta zama tana fallasa wani irin kuskure da ka san yara na yi. Misali ɗan aji uku ka ba shi 62 a debe 28. Amsa 34 ce. Sai ka sa 46, ka sa 44, ka sa 90. Yaron da ya zaɓi 46 ya ga 2 ba za ta debe 8 ba sai ya juya abin ya ce 8 a debe 2, wannan bai ma san ana aro ba. Wanda ya zaɓi 44 ya san aro, ya ranto goma ya samu 12 a debe 8, amma ya manta bai rage 6 ɗin ta koma 5 ba, shi gyaransa na minti biyu ne. Mai 90 kuwa tarawa ya yi, ko bai kalli alamar ba ko kuma bai gane kalmar da ka yi amfani da ita ba. Ka ga dukkansu a rajista "ya faɗi" za ka rubuta, alhali ciwo uku ne daban-daban kowanne da maganinsa.

Sai kayan aiki. Kahoot daga Norway ya fito a 2013, yana da daɗi gaskiya, kuma bayan wasa yana ba ka rahoto na kowace tambaya da yawan waɗanda suka ci. Amma yana son kowane yaro ko kowane rukuni ya riƙe waya mai data, sannan makinsa yana bin sauri, wanda ya riga dannawa ya fi samun maki, shi ya sa yarinyar da ke zama ta yi lissafinta a natse za ka gan ta can ƙasa, ɗan garaje yana sama. In za ka yi amfani da shi ka ƙara lokacin amsa, kuma kar ka ɗauki jerin gwanayen nan a matsayin sakamakon jarrabawa.

Wanda ya fi dacewa da irin azuzuwanmu shi ne manhajar Plickers. Waya ɗaya ce kawai, ta malam. Za ka buga katuna a shagon fotokofi, kowane kati da wani zane baƙi mai gefe huɗu A, B, C, D, da lambarsa, yaro ya juya gefen da ya zaɓa ya kalli sama ya ɗaga, kai kuma ka bi ajin da kyamarar waya tana ɗauka. Abin da nake so da shi, na kusa da yaro ba zai gane me ya zaɓa ba, don haka satar amsa ta ragu sosai. Katunan suna tsayawa a 63, in yaranka sun wuce haka sai ka raba su aji biyu a cikin manhajar, ko su zauna bibbiyu. Ka manna katunan a kwali don su yi ƙarko, in za ka sa musu leda ka guji mai sheƙi saboda haske na hana kyamara karantawa.

In ko wannan ma babu hali, alli da kwali sun isa. Kowane yaro ya rubuta harafin amsarsa a ɗan allo ko bayan littafi, ka ce ɗaya, biyu, uku, kowa ya ɗaga lokaci guda, wannan lokaci gudan shi ne sirrin, in ba haka ba duk jiran monita za su yi su kwafa. Ka raba su gida-gida kamar yadda ake yi a gasar kacici-kacici, layi ya kara da layi, kai kuma kana ƙirga hannaye kana rubuta A nawa B nawa a gefen littafinka.

Yanzu bayan an tashi, kar ka rufe littafin sai wani satin. Ka zauna a ofishin malamai ko minti goma ne ka ja layuka, sunayen yara a tsaye, tambayoyi a kwance, ka duba ta hanya biyu. In ka bi tambaya daga sama zuwa ƙasa ka ga fiye da rabin aji sun faɗi kuma yawancinsu amsa ɗaya suka zaɓa, to laifin ba na yaran ba ne, darasin ne bai shiga ba, gobe ka sake shi ta wata hanya, ka kawo tsinken ashana ko murafen lemo a ɗaure goma-goma su kwance ɗauri da hannunsu su ga yadda aro yake. In kuma ka bi layin yaro ɗaya ka ga komai ya faɗi, shi kaɗai za ka kira, wataƙila ma karatun tambayar ne bai iya ba. Akwai kuma wani abu da ake yawan tsallakewa, in ka ga haziƙan ajin sun faɗi wata tambaya amma masu rauni sun ci, ka koma ka karanta tambayar da kyau, sau da yawa ita ce ke da harshen damo. Kuma ka gwada maimaita tambaya ɗaya da Hausa, za ka sha mamakin yawan waɗanda lissafin suka iya, Turancin ne ya kayar da su.

Daga nan sai ka rarraba su gwargwadon inda suka tsaya, masu 46 gefe guda, masu 44 gefe guda, waɗanda suka ci ka ba su abin da ya fi wuya ko su taya 'yan uwansu. Wannan tunanin ba sabo ba ne, ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana koyar da yara bisa matakin da suke maimakon ajin da aka rubuta musu, kuma tsarin ya iso wasu jihohin Arewa.

Don Allah kuma a kula da sirrin yara, kar ka ɗauki hoton sakamako da sunayensu ka watsa a gurup ɗin WhatsApp na iyaye, ko ka karanto na ƙarshe a gaban aji ana yi masa dariya, tun 2023 ma Najeriya na da dokar kare bayanan mutane. A manhaja ka sa lambar rajista ko sunan farko kawai. Bayan sati biyu ka dawo da tambayar nan ka canza lambobin, a ce 73 a debe 45, ka sa 32 da 38 cikin amsoshin, sai ka kwatanta da layukan da ka ja a baya ka ga su waye har yanzu suke juya lamba.