Ka haɗa gem a Kaduna? Ga yadda za ka kare shi

Sana'ata gyaran PlayStation da kwamfuta ce a Tudun Wada, kuma a bayan shagon akwai talabijin da benci inda yara ke buga ƙwallo bayan la'asar. Cikinsu akwai waɗanda bugawa kaɗai ba ta ishe su ba, sun fara koyon haɗa nasu gem ɗin a tsohuwar laftof. Duk wanda aikinsa ya fara kama jiki, tambayarsa ɗaya ce: "Oga, yaya zan yi masa fatent kar a sace mini?" Amsar da nake ba su ita ce wadda zan shimfiɗa a nan. Ga mai haɗa gem, fatent, wato takardar hukuma da ke hana wasu ƙera abin da ka ƙirƙiro, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya kashe wa kuɗi. Abubuwan da ke kare shi da gaske sun fi araha, wasu ma kyauta ne, kuma yawanci su ake sakaci da su.

Ƙanena, fara da sanin cewa doka ta riga ta ba ka kariya tun ranar da ka rubuta manhajar. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin rubutattun ayyuka. Kod ɗin da ka rubuta naka ne, zanen da ka yi naka ne, kiɗan da ka tsara naka ne, ba sai ka je wani ofis an buga maka hatimi ba. Ga rubutu da zane da kiɗa, haƙƙin yana nan tsawon ranka da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarka. Kuma da yake Najeriya na cikin Yarjejeniyar Berne tun 1993, aikinka na da kariya a mafi yawan ƙasashen duniya.

To ina matsalar take? Hujja. Ranar da rigima ta tashi, ba rantsuwa za a nema ba, za a tambayi wanda ya riga wani. Saboda haka yau ɗin nan ka buɗe asusu a GitHub, shafin intanet da masu manhaja ke ajiye kod, ka sa ma'ajiyar aikin ta zama ta sirri, ka riƙa tura kod ɗinka duk lokacin da ka ƙara wani abu. Git, manhajar da GitHub ke aiki da ita, na rubuta kwanan wata da sunan wanda ya yi kowane canji, har layin da aka taɓa. Fayilolin zane na asali, waɗanda ake iya buɗewa a ga yadda aka ɗora launi kan launi, kada ka goge su don hoton ƙarshe ya fito. Akwai wani yaro da ke zuwa wurina da littafin makaranta mai bangon shuɗi, duk shafukan cike da zanen ɗan dambe: nan ya ɗaure hannu da zare, can ya durƙusa, a gefe an rubuta yawan ƙarfin kowane naushi da jan biro. Na sa shi ya riƙa rubuta kwanan wata a saman kowane shafi yana ɗaukar hoto yana tura wa kansa ta imel. Wannan littafin ya fi masa amfani a gaban alƙali fiye da shaidun baki goma. Idan gem ɗin ya kammala, Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya na da tsarin rajista ta intanet. Ba dole ba ne, amma takardar da za su ba ka ƙarin hujja ce, kuma ina ba da shawarar a yi.

Abin da ya fi cinye ayyukan samari a garin nan kuwa ba ɓarawo daga waje ba ne. Abokai ne uku da suka fara aiki cikin raha, ɗaya na rubuta kod, ɗaya na zane, ɗaya na sayen data da man janareta, ba wanda ya ce uffan kan rabo. Sai ranar da 'yan daloli suka shigo daga talla, ko wani ya ce zai zuba jari, zumunci ya watse, mai zane ya kwashe zanensa, aikin ya mutu. Kuma doka na bayansa, domin a ƙa'ida haƙƙi na fara zama ne a hannun wanda ya yi aikin, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Ko biyan sa ka yi ya zana maka, kuɗin da ka ba shi ba su mayar da zanen naka kai tsaye ba. Miƙa haƙƙi sai a rubuce yake aiki. Don haka ku zauna tun ba a samu ko sisi ba, ku rubuta a takarda: wa ke da kashi nawa, wa ke riƙe da asusun Play Store da lambobin sirrinsa, me zai faru da aikin wanda ya fita ko ya tafi bautar ƙasa, kuma shin mai zane ya sayar ne gaba ɗaya ko aro ya bayar. Kowa ya sa hannu, a sami shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Na san kunya ke hana mu, sai a ga kamar rashin yarda ne. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi kuma a kafa shaidu. Ba na ganin dalilin da zai sa mu ji kunyar abin da aka umarce mu da irinsa.

Sai kuma ka tsare kanka daga taɓa na wasu. Duk wanda ya buga PES, gem ɗin ƙwallon kamfanin Konami, a gidan gem ya san Man Red da North London. Konami ba jahilci ya sa suka kira Manchester United da Arsenal da waɗannan sunaye a wancan lokacin ba, lasisi ne ba su da shi. In babban kamfani na Japan ya kauce, kai ma kauce: kar ka manna tambarin Kano Pillars ko hoton ɗan wasa ko waƙar wani mawaƙi ba da izini a rubuce ba. Ka karanta sharuɗɗan duk wani zane ko sauti da ka sauke, domin kyauta iri-iri ce, wata ta hana kasuwanci, wata ta wajabta ambaton mai ita. Injin da za ka gina gem ɗin a kai ma abin dubawa ne. A Satumban 2023 Unity ya sanar da cewa zai fara cajin masu gem bisa yawan saukewa, duniya ta yi ca, sai bayan shekara guda ya janye tsarin gaba ɗaya. Ni Godot nake nuna wa masu farawa, domin lasisinsa na MIT ne, wato na kyauta da kowa ke iya amfani da shi, ba wanda zai tashi gobe ya ce ka biya, kuma ba ya wahalar da ƙaramar kwamfuta.

Sunan gem da tambarinsa su ne suka cancanci kuɗinka in ya fara karɓuwa. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban take da rajistar tambari, mutane da yawa na rikita su. Ta tambari ana yin ta ne a ofishin rajistar tambari da fatent da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. A fara da bincike a ga ko wani ya riga ka. Ana rajistar tambari ne aji-aji bisa nau'in kaya: manhaja na aji na 9, nishaɗi na aji na 41. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14. Nemi lauya ko wakilin da ya saba da ofishin.

Yanzu fatent. Shi yarjejeniya ce tsakaninka da hukuma: ka bayyana wa duniya yadda ƙirƙirarka ke aiki, ita kuma ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izininka ba har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda, muddin kana biyan kuɗin shekara-shekara. Sharuɗɗa uku ne: abin ya zama sabo, ya zama akwai basira a ciki wadda ba kowane mai sana'ar zai hango ba, kuma a iya ƙera shi ko amfani da shi a masana'anta. Wannan na mutanen Panteka ne, masu haɗa injin casar masara da na markaɗe, da ɗaliban Kadpoly masu ƙera na'ura, da wanda ya ƙirƙiro hannun gem da mai hannu ɗaya zai iya bugawa da shi. In kana cikinsu, abu na farko shi ne kama baki. Bidiyon da ka ɗora a TikTok ko bajekolin da ka yi kafin shigar da takarda na iya kashe sabuntar abin, kuma a nan wanda ya riga shigarwa shi ke da haƙƙi. Ka bincika Google Patents kyauta ka ga ko an riga an yi irinsa a Sin ko Indiya. Ka tuntuɓi NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da bunƙasa fasaha, a Abuja, domin taimaka wa masu ƙirƙira shigar da takardu na cikin aikinsu. In kuma a wurin aiki ka ƙirƙiro abin cikin aikin da aka ɗauke ka dominsa, doka ta ba mai kamfanin haƙƙin, ka san da haka tun farko.

Abu biyu ne ba a faɗa wa mutane. Na ɗaya, ofishin rajistarmu na duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, kuma dokar da kanta ta ce ana ba da fatent ba tare da lamunin ingancinsa ba. Wato wani na iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke shi. Na biyu, fatent ba ya ƙetare iyaka. Na Najeriya ba ya aiki ko a Maraɗi, domin Nijar na cikin ƙungiyar OAPI, mai ba da fatent ɗaya ga ƙasashen da ke cikinta, mai hedikwata a Yawunde, mu kuwa ba ma ciki. Kana da wata 12 daga shigarwar farko ka nemi kariya a wasu ƙasashe.

Ra'ayina kuwa, kuma ina riƙe da shi da ƙarfi, shi ne bai kamata a ba kowa mallakar salon wasa ba. Namco ya nemi fatent a Amurka a 1995 kan ɗan ƙaramin wasa da ake bugawa yayin da babban gem ke lodi. Bai ƙare ba sai 2015. Duk shekarun da yaran unguwa suka yi suna zura wa allo ido faifai na kuka a cikin PS2, hanyar rage musu zaman jira na kulle a hannun kamfani ɗaya. Warner Bros. ya samu fatent a 2021 kan tsarin Nemesis, inda abokan gaba a cikin gem ke tuna abin da ka yi musu su dawo da ƙulli. Dabara ce mai kyau da ƙananan masu gem za su so ɗorawa a kai, amma suna tsoron lauyoyi. A Satumban 2024 Nintendo da kamfanin Pokémon sun kai masu gem ɗin Palworld ƙara a Tokyo, su ma kan fatent. Ko a kayan ƙarfe na ga tasirin irin wannan rigima da hannuna. In ka kwance hannun PS3 na farko, Sixaxis, za ka ga ƙahonnin biyu wayam, babu 'yan injinan nan masu ɗauke da guntun ƙarfe da ke sa hannu rawa, shi ya sa ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya fito ne a 2006 lokacin da Sony ke shari'a da kamfanin Immersion kan fatent ɗin sa hannun gem rawa, wanda kotu ta ba dala miliyan 82 a 2004. Sony ya ce dalilin fasaha ne, amma bayan sun sasanta a 2007 sai ga DualShock 3 da rawarsa. Wancan aƙalla na'ura ce da aka ƙera. Salon wasa fa? Dara da langa da carafke sun iso gare mu ne saboda ba wanda ya mallake su. Kana iya haɗa gem ɗin dara gobe, wani a Zariya ya haɗa nasa, kowa da zanensa da kod ɗinsa, masu bugawa su zaɓi wanda ya fi. Haka nake so abin ya ci gaba da zama.

Nan ne maganar ta haɗu da siyasa. Dokar fatent da muke amfani da ita doka ce ta soja ta 1970, zamanin Janar Gowon, tun kafin a san gem a gidajen mutane, kuma ba wakilin jama'a ko ɗaya da ya kaɗa ƙuri'a a kanta. An sha kawo ƙudurorin gyara ta, wata rana kuma za a gyara. Manyan kamfanoni za su turo lauyoyinsu su zauna a sahun gaba. A Turai, lokacin da aka kawo ƙudurin da ya shafi ba manhaja fatent, masu rubuta kod da ƙananan kamfanoni ne suka yi ta rubuta wa wakilansu suna zuwa har majalisa, kuma a watan Yulin 2005 Majalisar Tarayyar Turai ta yi watsi da shi da ƙuri'a 648, masu goyon baya 14 kacal. Ni abin da nake kira dimokuraɗiyya ke nan, ba layin ranar zaɓe kaɗai ba.

Kada ku ɓata tafiya zuwa Lugard Hall, majalisar dokokin jihar Kaduna, kan wannan, domin tsarin mulki ya sa fatent da haƙƙin mallaka cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Jihar Kaduna na da sanata 3 da 'yan majalisar wakilai 16. Ku san na mazaɓarku da ofishinsa. Idan kwamiti ya sanar da zaman jin ra'ayin jama'a, yana karɓar takardar ra'ayi daga kowa, kuma ta ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Masu haɗa manhaja, masu gidajen gem da maƙeran Panteka ku haɗu ku rubuta shafi biyu: a fito fili a ce salon wasa da tsagwaron manhaja ba sa samun fatent, a ɗauki ƙwararrun da za su binciki sabuntar ƙirƙira kafin a ba da takarda, kuma a rage wa ɗalibai da ƙananan masu sana'a kuɗin shigarwa. Ku sa sunaye da sana'ar kowa a ƙasa, ku aika wa akawun kwamitin kafin wa'adi ya cika, sannan ku haɗa kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja wa mutum biyu da za su je su karanta ta da bakinsu.