Yadda Ake Bin Diddigin Tofo da Furen Itatuwa a Garin Maradi da Kewaye

Kwalta da siminti da rufin kwano suna shan rana tun safe, sa'annan su riƙa sakin zafin a hankali bayan magariba, shi ya sa daren tsakiyar gari ya fi na karkara ɗumi. A biranen Turai da Amurka an daɗe da lura cewa wannan ɗumi yana sa itatuwan birni su riga na ƙauye tofo da 'yan kwanaki, domin a can sanyi ne ke tsayar da itace. A Maradi kuwa, inda ruwan shekara yake wajen milimita 500 kuma yake sauka cikin wata huɗu kacal, ƙishirwa ce ke tsayar da yawancin itatuwa. Saboda haka duk wanda yake son gane tasirin gari a kan lokacin tofo da fure, wajibi ne ya raba abin da zafi ya jawo da abin da ruwa ya jawo, in ba haka ba zai ɗora wa zafi laifin da ba nasa ba.

A fara da zaɓen wurare uku masu bambanci: tsakiyar gari wajen babbar kasuwa, da fadamar Gulbin Maradi inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa a koma kan tudu, da kuma gonakin jigawa na bayan gari. A kowane wuri a ware itace biyar zuwa goma na iri ɗaya masu kusan kauri ɗaya, domin ƙaramin itace da tsoho ba sa tafiya tare ko da suna gona ɗaya. A ba kowanne lamba, a rubuta abin da ke kewaye da shi: ko akwai kwata ko famfo kusa, ko an shafe gindinsa da siminti, ko ana ɗaure dabbobi a inuwarsa.

Mangwaro shi ne ya fi dacewa da gwajin zafi. Furensa yana fitowa ne lokacin ɗari, tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma abu biyu ke tayar da shi, wato sanyin dare da bushewar ƙasa. Mangwaron da ke tsakar gida, katangar siminti ta kewaye shi, ruwan wanke-wanke yana gangarowa gindinsa kullum, ya rasa duka biyun, don haka sau da yawa sai ya yi ta fitar da sabon ganye maimakon fure, ko furen ya zo a makare kuma a warwatse. Idan ana son sanin wanne ne ya fi tasiri, a nemi mangwaro biyu a unguwa ɗaya, ɗaya yana samun ruwa ɗaya ba ya samu, a gwama su da juna kafin a gwama su da na lambu. Kuka da bedi sun fi sauƙin bi: kuka tana tsayawa ba ganye duk rani har gab da damina, bedi kuma yana canza ganye ya yi fure a rani.

Gawo yana bukatar hattara ta musamman, domin shi yana zubar da ganye da damina, ya tofo da kaka sa'ad da sauran ke shirin bushewa, saiwarsa kuma tana nitsawa har ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi rikita lokacinsa shi ne sara. Gawon da makiyaya suka sare wa rassa a ƙarshen rani yakan sake tofo ya riƙe ganye cikin damina, wanda bai san an sare shi ba kuwa sai ya ɗauka yanayi ne ya canza. Haka kuma gonakin yankin suna cike da matasan itatuwa da suka tashi daga kututture ta hanyar sassaben zamani, dabarar da masanin aikin gona Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman Maradi a 1983. Saiwar irin waɗannan ta girmi gangar jikinsu, don haka a ware su daban a cikin rajista.

Dubawa kuwa sau ɗaya a mako ta isa, muddin ana kiyaye rana ɗaya. A rubuta ranar da aka fara ganin tofo, da ranar da rabin itacen ya rufe da ganye, da farkon fure, da farkon zubar ganye, a ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya kowane lokaci. Zafi kuma a auna shi da asuba kafin fitowar rana, a inuwa, daidai tsayin ƙirji. Awon tsakar rana yana yaudara, domin a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, filin yashi na bayan gari kan fi titin da bedi ya lulluɓe zafi. Da dare ne bambancin gari yake bayyana.

Kada a yanke hukunci da shekara ɗaya. Damina takan sauka da wuri bana ta makara baɗi, wannan kaɗai yana iya kawar da tofon kuka da makonni, saboda haka a rubuta ranar ruwan shuka kowace shekara, a kuma jira aƙalla shekara uku. Idan bayan haka itatuwan gari da ba sa samun ƙarin ruwa suna ci gaba da saɓa wa na jigawa ta fuska ɗaya, to akwai dalilin zargin zafi, kuma rajistar ta kai a nuna wa malaman aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, a Tarna kusa da Maradi, su gwama ta da awon yanayin da ke hannunsu.