Yadda Ake Fesa Zane da Fentin Gwangwani

Kullum sai an tambaye ni yadda nake sayar da zane da araha haka. Sau ɗaya nake yanka zanen, in yi ta fesa shi a alluna da yawa. Ga matakan:

1. Zana hoton a kwali mai kauri. Ni dai na fi son tsohon hoton ƙirji na asibiti, don fenti ba ya jiƙa shi.
2. Yanke inda kake son fenti ya shiga da sabuwar reza.
Hattara: a haruffa irin su O da A, bar siririyar gada. In ka zagaye su duka, cikin zai faɗo.
3. Fita waje, ka sa takunkumi. Kada ka yi kusa da wuta ko mai shan taba, fentin nan yana kamawa.
4. Manne zanen a allo da salatif, ya kwanta lif.
5. Rufe gefuna da tsohuwar jarida.
6. Girgiza gwangwanin kamar minti 2.
7. Fesa daga nisan santimita 25, sama-sama, hannu na tafiya.
A nan ake ɓata aiki: in ka tsaya wuri guda, fentin zai zarto ta ƙarƙashi.
8. Ɗaga zanen a hankali, kada ka ja shi gefe.
9. Bar allon ya bushe kafin ka ƙara wata kala.