Yadda za ku yi musun tasirin fim ba tare da shayi ya huce ba

Kafin komai, ku cire maganar kuɗi daga gabanku. Idan wani a majalisa ya ce Avatar na James Cameron ya tara dala kusan biliyan 2.9 tun fitowarsa a 2009, ku ce masa gaskiya ne, a wuce wurin. Wannan lissafin na masu gidajen silima ne. Abin da ake ja a kai shi ne me fim ɗin ya bari a bakin mutane da jikinsu, don wasu na cewa duk da kuɗin nan bai bar komai ba.

Sai ku tsayar da wurin da kuke magana a kai. Mu a Garwa wannan ya fi komai muhimmanci. A farkon 2009 ɗin nan aka rufe gidajen silima uku da suka rage a Kamaru, na Yawunde da Duwala da Bafusam. Fim ɗin da aka gina don a kalle shi da tabarau na 3D, mu a faifan satar fasaha muka gan shi, a ƙaramar talabijin ta gidan kallo, janareta na ƙara a bayan katanga. Wanda ya ce bai burge shi ba, a tambaye shi wane Avatar ya gani.

Daga nan ku fita titi neman shaida. Ni ma'aunina ke nan: laƙabi, ɗinki, waƙar biki, da rubutun bayan babur. A Yelwa ban rasa saurayin da ake kira Rambo ko Kwamando ba, kuma yaro mai ban dariya har gobe Ibro ake ce masa, alhali Rabilu Musa ya rasu tun 2014. Telanmu kuwa ya sha ɗinka rigar da amarya ta gani a fim ɗin Indiya. Jake Sully, jarumin da ke cikin Avatar, fa? Ban taɓa jin mai sunan ba.

Amma kada ku yi saurin tafa hannu. Abokin musu mai shiri zai kawo muku mutanen Bil'in a Falasɗinu da suka shafa shuɗi a 2010 suka fito zanga-zanga da kamannin Na'vi, shuɗayen mutanen cikin fim ɗin, ya ƙara da kashi na biyu da ya haura dala biliyan 2 bayan fitowarsa a 2022. Hujja ce mai nauyi: mutanen da suka manta ba sa komawa layin tikiti bayan shekara 13. Amsar da za ku iya bayarwa ita ce talabijin mai 3D da aka yi ta tallatawa bayan fitowar Avatar na farko, manyan kamfanoni sun daina ƙera ta wajen 2017, wato yayin da ya tayar bai daɗe ba.

In akwai dattijo a wurin, a bar masa maganar ƙarshe. Ku ce, "Baba, ku a zamaninku wane fim ne ya canza ɗinki?" Ku kuma sa mai shayi ya ɗora wata buta, don amsar ba gajeriya ba ce.